Yadda ake zaɓa da kafa na'urar ɗumama ruwa marar tanki a gidan iyali

Sanyin Damagaram gajere ne, Disamba zuwa Fabrairu, shi ya sa na'urar da ke ɗumama ruwa nan take ta dace da gidajenmu: ba ta cin wuta sai an buɗe famfo, ruwan zafinta ba ya ƙarewa ko yara goma ne za su yi wanka, kuma ba ta cin wuri. Aibinta shi ne ba ta ajiye ko ɗigo. Ruwa ya ɗauke ko wuta ta tafi, shi ke nan.

Kafin ka je kasuwa, auna ruwanka. Tara bokiti mai lita 10 ƙarƙashin famfon wanka. In ya wuce minti biyar bai cika ba, yawancin na'urorin ba za su tashi ba, don sai ruwa ya kai kamar lita 2 zuwa 3 a minti suke kunnuwa. Mai tanki a sama ya tuna: tsayin mita 10 ne ke ba da bar 1 (ma'aunin ƙarfin turin ruwa), tankin da ke mita 3 kuwa bar 0.3 kawai yake bayarwa. Nan sai an ƙara ƙaramin injin tura ruwa.

Sai lissafin wuta, inda aka fi yin asara. Ninka litar minti da zafin da kake son ƙarawa, ka sake ninkawa da 0.07. Lita 6 da ƙarin digiri 20 na neman kilowat 8.4, wato kusan amfiya 38 a kan volt 220. Duba ƙarfin da kamfanin wuta na NIGELEC ya ba gidanka; in bai kai ba, wuta za ta riƙa yankewa ana tsakiyar wanka. In ya kai, a ja mata layinta ita kaɗai da waya mai kaurin 10 mm², a sa makashin kariya na 30 mA, a haɗa wayar ƙasa. Siririyar waya zafi take yi har ta narke.

Ga babban gida, ta gas ta fi. Mai lita 10 a minti na shan kusan kilo ɗaya da rabi a awa in an buɗe ta duka. Don Allah kada a kafa ta cikin makewayi. Tana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ke kisa a rufaffen ɗaki. A rataye ta waje ƙarƙashin rumfa, bututun hayaƙi ya dubi sama, a gwada mahaɗan tiyo da kumfar sabulu.

Kowace ka zaɓa, sa abin tace ruwa a bakin shigar ruwa saboda yashi, ka bar ruwa ya gudana ya kori iska kafin kunnawar farko. In ruwa ya fara raguwa ko zafi na hawa da sauka, farar ƙasa ce ta taru a bututun ciki: a kashe ta, a zagaya ruwan kal a ciki na kamar minti 45, a ɗauraye. Sau ɗaya a shekara ya isa, gab da shigowar hunturu.