Yadda Mai Gina Manhaja Zai Kare Bayanan Da Ke Fuskar Waya

Duk matashin da ke gina manhajar kuɗi ko ta adashe domin 'yan kasuwar Gusau ko Ƙaura Namoda, ya tuna cewa waya a wajenmu ba ta wuni a hannun mai ita kaɗai. Tana kwana a shagon mai caji, tana shiga hannun mai POS, yara kuma suna ara su yi wasa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma lambar BVN da ke bayyana a fuskar waya tana cikin wannan amana.

A Android, a sanya FLAG_SECURE, wato umarnin tsaro da ake rubutawa a cikin manhaja, a kan shafin da ke nuna ragowar kuɗi ko lambar sirri tun kafin shafin ya buɗe. Da zarar an yi haka, wayar za ta ƙi ɗaukar hoton fuskarta, bidiyon da aka naɗa zai fito baƙi ƙirin, kuma abin da ke kan shafin ba zai bayyana a jerin manhajojin da aka buɗe ba da jimawa ba, wanda shi ne wurin da masu gini suka fi mantawa. Sai dai kada a rufe kowane shafi. Mai sayen hatsi yana buƙatar tura wa mai kaya shaidar biya ta WhatsApp, idan aka hana shi kuwa zai yi watsi da manhajar. Gara a ba shi maɓallin tura rasidi wanda aka ɓoye lambobin asusun, sai huɗun ƙarshe.

A iPhone, Apple bai ba da hanyar hana ɗaukar hoto a hukumance ba, amma tun iOS 11 a 2017 manhaja tana iya gane ana naɗar fuskar ta hanyar wata alama da Apple ya tanada mai suna isCaptured, sai ta lulluɓe bayanan. Haka kuma a ɗora farin shafi a duk lokacin da mutum ya fita daga manhajar, don kada bayanan su bayyana a jerin manhajojin da aka buɗe.

Sanarwar da ke faɗowa waya tana kulle ma a tace ta: ta ce kuɗi sun shigo, ba tare da ambaton adadi ba. Babu dabarar da ke hana wani ɗaukar hoto da wayarsa ta daban, don haka a rufe ragowar kuɗi da taurari har sai an taɓa alamar ido, manhajar kuma ta kulle kanta idan an bar ta na ɗan lokaci.