Darasi na Bakwai: Oba-oba Mai Tashi da Makullin Mota

Direban motar asibiti ko ta 'yan sintiri ya san wannan ɓacin rai. An manta oba-oba a kunne da daddare, da asuba a murɗa makulli, mota ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Batir ya kwanta, ga mara lafiya yana jira. Maganin abin shi ne a haɗa oba-oba yadda za ta tashi da makulli, ta mutu da shi.

Kada ka jona ta kai tsaye a wayar makulli. Wajen sauraro wuta kaɗan take ci, amma da ka danna maɓallin magana, mai wat 50 tana iya jan amfiya 10 ko fiye. Siririyar waya ba za ta ɗauka ba, sai ta yi zafi ko fiyus ya ƙone.

Abin da za ka saya shi ne rile mai bolt 12, wato makunnin da wuta ke kunnawa, ɗan baƙin akwati kamar na ashana. Juya shi ka duba gindinsa. Kusa da kowace ƙafa akwai lamba: 30, 85, 86, 87. Karanta su a hankali, domin aikin duka a kansu yake.

Fara cire kan batir mai alamar ragi. Daga kan mai alamar tarawa ka ja waya mai kauri zuwa 30, ka sa mata fiyus dab da batir, ba can nesa ba. Jar wayar oba-oba ta tafi 87. Ƙafa ta 85 ka ɗaure ta a ƙarfen jikin mota, bayan ka kankare fenti har ƙarfe ya yi haske. Ta 86 kuwa tana zuwa wayar da ke samun wuta idan makulli ya kai ACC, wato inda rediyon mota ke kamawa. Fitilar gwaji za ta nuna maka ita, amma ka neme ta tun kafin ka cire kan batir. Inda waya ta ratsa ƙarfe, sa mata roba.

Tsohuwar oba-oba mai makunnin murɗawa ta fi daɗin sha'ani: bar ta a kunne kawai. Mai maɓallin dannawa, wata sai an danna ta ko da wuta ta zo. Babbar mota mai bolt 24 kuma sai da na'urar rage wuta zuwa 12.

Yanzu mayar da kan batir, ka murɗa makulli, ka kasa kunne. Rile zai yi ƙas, fuskar oba-oba ta haska. Zare makulli, ka ga ko ta mutu.