Yadda Sabon Zuwa Jos Zai San Duwatsunta da Hanyoyinta

Aiki ne ya ɗauko ni daga Kano ya kawo ni Jos. Na yi wata huɗu ban san ko'ina ba sai gida, wurin aiki, masallacin unguwa da kasuwar Taminus. Kullum da safe in na buɗe taga duwatsu ne ke fara gaishe ni, amma ko sunan ɗaya ban sani ba. Abin ya dame ni, don mutum bai zauna gari ba in bai taka ƙasarsa ba. Abin da zan faɗa a nan shi ne tsarin da na bi har na saba, kuma shi nake ba duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ya zo karatu ko hidimar ƙasa, ko aure ya kawo ta.

Na farko: bari jikinka ya san garin

Jos na zaune a kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Ƙafa da ƙirji za su gaya maka bambancin tun kafin kowa ya gaya maka. Saboda haka kada ka fara da dutse. Ka ɗauki mako biyu ko uku kana zaga unguwa da ƙafa bayan sallar asuba, rabin awa, sannan ka riƙa ƙarawa. A Jos ba sai ka je neman hawa da gangara ba, suna nan a kowane layi.

Daga nan ka shiga wuraren da ke cikin gari. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da gumakan yumɓu na Nok, kuma a gefensa akwai filin da aka gina kwatankwacin tsofaffin gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Ranar da na tsaya gaban wannan ganuwa sai da na ji kewar gida ta taso mini. Akwai kuma gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, inda za ka yi doguwar tafiya a inuwar itatuwa ba tare da fargabar ɓata ba. Waɗannan su ne makarantar farko.

Na biyu: nemi ɗan gari, ka gaida masu dutse

Nan ne zan daɗe, don nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Da ɗan gari akan ci gari. Taswirar waya za ta nuna maka inda dutse yake, amma ba za ta gaya maka gonar wa za ka ratsa ba, ko wane kogo ne ba a shiga, ko wane rafi ne ke cika cikin minti kaɗan in an yi ruwa a sama.

Babu dutsen da ba shi da masu shi. Ƙasar Jos da kewayenta ta Birom ce da Anaguta da Afizere (su Afizeren ne Hausawa ke kira Jarawa), kuma wasu duwatsun da kurmin da ke gindinsu wuraren al'ada ne tun kaka da kakanni. Kai ka ga dutse ne kawai, su kuwa sun ga wurin da ake girmamawa. In ka isa ƙauyen da ke gindin dutse, ka ajiye mota inda aka nuna maka, ka tambayi gidan mai unguwa, ka je ka yi gaisuwa. Hausa za ta wadatar da kai kusan ko'ina a Filato.

Karon farko da na yi haka, wani abokin aikina ɗan yankin ne ya raka ni. Muka tarar da dattijon a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, ina son in hau dutsen nan in ga gari." Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Ɗana, hawa ba wuya, saukowa ce aiki. Ku bi ta hannun dama. Itatuwan can da ka hango a kwari, kada ku shiga, kada kuma ku ɗauki hotonsu." Ya kira jikansa ya ce ya wuce mana gaba. Yaron nan mai silifas ya riƙa tsallake duwatsu kamar akuya, yana tsayawa yana jiranmu, yana nuna mana inda za mu sa ƙafa. Da muka sauko na sallame shi da abin da ya sauwaƙa, na koma na yi wa kakansa godiya. Har yau in na je ƙauyen, da sunana ake kirana.

Ka yi ciniki da ɗan rakiya tun kafin ku tashi, kada a zo ana ja-in-ja a gindin dutse. Kada ka ɗauki hoton mutum, musamman mata a gona ko a rafi, sai ka nemi izini. Ka lura kuma da shingen kyarana da ke kewaye gidaje da gonaki: farin ruwan da ke fita in an karya ta yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ba kyau. Ka ja wa yara kunne.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan ɓoye ba. Filato ta sha fama da rikici, kuma ƙananan hukumomi irin su Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu sukan shiga tashin hankali lokaci zuwa lokaci. Wurin da yake lafiya a watan jiya ba lallai ya kasance haka yau ba. Ka tambaya a daren da za ka tafi, ka sake tambaya da safe. Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin halin hanya, don sun bi ta jiya kuma za su bi ta yau. In mutum biyu suka ce maka ka dakata, ka dakata.

Na uku: zaɓi lokaci

Damina a Jos takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Lokacin ne ƙasa ta fi kyau, ko'ina kore shar, amma lokacin ne dutse ya fi santsi. Ni a ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, sama garau, kana hango nesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sanyin safe na ratsa ƙashi, hazo kuma yakan rufe abin da ka wahala ka hau don ka gani.

Na koyi darasin damina da jikina. Wata Asabar a Agusta mun kusa kai ƙololuwa sai gajimare ya sauko ya lulluɓe mu, har ba na ganin wanda ke gabana da taku goma. Yayyafi ya biyo baya. Falalen dutsen da muka hau cikin sauƙi ya koma kamar an shafa masa sabulu saboda gansakuka. Da zama muka sauko, muna jan jiki, tafin hannuna duk ya kuje. In ka ga hadari ya haɗo, ko ka ji tsawa ko daga nesa ne, ka juya. Kan dutse ba wurin tsayawa ba ne in ana walƙiya.

Ka fita da sassafe ka dawo kafin la'asar. Asabar ta fi Lahadi, don da safiyar Lahadi yawancin mutanen ƙauyukan suna coci, ba za ka sami wanda za ka gaisar ko wanda zai raka ka ba.

Na huɗu: kayan tafiya

Takalmin kambas mai kaushin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ba sabo ba. Ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da ƙari in za ka yi alwala, sai dabino, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli. Rigar sanyi ko da ka fito ana rana, hula, man shafawa don leɓe, tocila, waya cike da caji, katin shaida, da leda ta zuba shara a dawo da ita gida. Mata da yawa da muke fita tare sukan sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabi gajere wanda ƙaya ba za ta kama ba. Kafin ka fita ka gaya wa wani a gida inda za ka, da wanda kuke tare, da lokacin da za a sa ran ganinka.

Na biyar: hawan farko

Ka fara da duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da gari. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, nan ne mafi tsayi a tudun Filato. A nan ne cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya take, wadda ake kai ɗalibai da ma'aikata su koyi juriya, saboda haka akwai sawun da aka saba bi da mutanen da suka san su. Ba dole ba ne ka kai sama a ranar farko. Ka yi taku gajere, ka huta kafin ka gaji, ka riƙa kurɓar ruwa kafin ƙishi ya kama ka. Kada ka cusa hannu a tsagar dutse ko ƙarƙashinsa ba ka duba ba, maciji da kunama na son wurin. Duk inda hanya ta rabu ka waiwaya ka ga yadda take ta baya, don haka za ka gan ta a dawowa.

In ka kai sama ka zauna, kada ka yi hoto ka juya. Jos za ta shimfiɗu a ƙasanka, ga rufin kwano na walƙiya, ga madatsar ruwa ta Lamingo. Ruwan da ke sauka a tudun nan shi ke zama kogin Kaduna ta yamma da Gongola ta gabas, Dilimi kuma da ke ratsa gari yana gangarawa arewa ya nufi tafkin Chadi. Ni dai duk ranar da na tuna haka ina zaune a can sai na yi tasbihi.

Mai son tsuntsaye ya nemi izinin shiga dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos.

Na shida: hanyoyin mota, daga kusa zuwa nesa

Kafin kowace fita ka kai mota wurin bakanike ya duba birki, taya, safaya da ruwan lagireto, ka cika tanki tun a gari, ka riƙe takardun mota kusa saboda shingayen bincike.

Zagayen farko na rabin yini ne: Bukuru, Kuru, Vom, ka dawo. A Vom akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ta faro tun 1924, a kan hanya kuma za ka ga gonakin dankalin turawa, kabeji da acca. Za ka kuma ga tafkuna masu kyau da tsibin jar ƙasa a gefensu. Ba Allah-ya-yi ba ne, ramukan haƙar kuza ne da kamfanonin Turawa suka bari, tun daga farkon shekarun 1900 da aka fara haƙa gadan-gadan. Ruwan a kwance yake lumui, amma bakinsa a miƙe yake kamar rijiya, ƙasansa laka ce, kuma ya ci mutane da dabbobi. Ka kalla daga nesa, kada ka shiga, kada ka bar yaro ya matsa.

Na biyu ita ce hanyar Akwanga, wadda ta fi kowace burge ni. Za ka fara tarar da dutsen Riyom, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar hannu ne ya jera su, har mutane kan ce sun yi kama da taswirar jihar. Gaba kaɗan sai Hawan Kibo, inda tudun Filato ya ƙare, hanya ta riƙa gangarawa tana lanƙwasa, iska ta fara ɗumi, kunnuwa su toshe. A nan direba ba ya kallon gefe. Ka saka giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe motar, don in ka ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama zai yi zafi ya daina kamawa. Kada ka wuce mota a kwana, kada ka zauna a gaban tirela mai kaya a gangara, ka ba ta hanya ta wuce. In kana son kallo, ka jira wuri mai faɗi ka fita daga kwalta gaba ɗaya. A ƙasan hawan, kimanin kilomita 60 daga Jos, akwai magangarar ruwa ta Assop. Tun kafin ka gan ta za ka ji rugugin ruwan. Duwatsun bakinta na da santsi ko da rani ne.

Hanyar Bauci, wajen kilomita 130, ta fi sauƙin tuƙi. Za ka bi ta Tilden Fulani da Nabardo, ka ga dutsen Zaranda ya taso shi kaɗai a fili. Wanda ya ƙara gaba zai kai Yankari ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, amma wannan tafiyar kwana ce.

Haka ma dutsen Wase, wanda ya miƙe tsaye kamar turmi a kudu maso gabashin jihar, fiye da kilomita 200 daga Jos ta Pankshin da Langtang. Ba na hawa ba ne ga irinmu, na kallo ne daga ƙasa. Kada ka ce za ka je ka dawo rana ɗaya. Ka nemi masauki tun kafin ka tashi, ka bar Jos da hantsi, ka tabbata magariba ta same ka a cikin gari ba a kan hanya ba.