Kurakuran da sababbin masu riƙe meka ke maimaitawa a Damagaram

Sigarin lantarkin da ke yawo a hannun samarin Damagaram iri biyu ne. Akwai mai allo da maɓallai, akwai kuma wanda ake kira meka, bututun ƙarfe zalla, na tagulla ko na farin ƙarfe. Masu na biyun ne ke yawan tsayawa a teburina na gyaran waya kusa da Kasuwar Dole, kuma ɓarnar da suke kawowa kullum iri ɗaya ce, har na gaji da maimaita magana. Mai allo yana da ƴar ƙwaƙwalwa a ciki da ke yanke wuta idan ta haɗe ko batir ya yi ƙasa. Meka ba shi da ko ɗaya. Kana dannawa wuta za ta fita daga batir ta shiga murɗaɗɗiyar wayar da ke cikin tanki, wato mazubin ruwan da ake ɗaurawa a samansa, kuma duk abin da wayar ta nema sai batir ya bayar, ko da hakan zai fasa shi. Wanda bai taɓa shan taba ba, ya wuce abinsa, babu abin da zai tsinta a nan sai jarabar nikotin. Da wanda ya riga ya sayi abin nake magana.

Babban kuskure shi ne ɗaura kowane tanki a kan kowane meka don kawai murɗin ya shiga. Zai shiga mana, ai kusan dukkansu baki ɗaya gare su, wanda ake kira 510. Ka cire tanki ka leƙa kan naka mekan. Idan ka ga ƴar ƙusa a tsakiyar ramin, da sauƙi. Idan kuwa rami ne fayau har kana hango kan batir, to hibrid ne ke hannunka, kuma a hibrid gindin tanki ne ke taɓa kan batir kai tsaye. Gindin tanki kuwa abu biyu ne: ƙusar tsakiya ita ce +, zagayen murɗin da ke kewaye da ita shi ne −. Dole ƙusar ta fito ta zarce murɗin, ita kaɗai ta taɓa batir. Tankunan da ake saya wa waya haɗaɗɗiya daga kamfani, yawancinsu ƙusarsu daidai take da murɗin, wasu ma tana lotsawa ciki idan an matsa. Da ka danna, + da − sun haɗu a kan batir ba tare da wutar ta bi ta waya ba. Cikin ƴan daƙiƙu batir zai ɗau zafin da hannu ba ya riƙewa, ya fara fesar da iska mai ci da wuta, a cikin rufaffen bututun ƙarfe, dab da haƙoranka.

Wannan ne ya ci mini tebur. Wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya tarar da mekana a aljihun tebur ina masallaci, ya cire tankina ya ɗaura nasa sabo don ya gwada. Allah ya sa da ya ji zafi ya sake shi. Abin ya faɗa kan tebur yana huci, hayaƙi fari mai ɗaci ya cika rumfar, ledar tebur ta narke, wayar wani mai kabu-kabu da aka kawo canjin gilashi ta ƙone gefe guda. Da na dawo yana tsaye yana rawar jiki, wai "Yaya, wallahi ɗaurawa kawai na yi." Ɗaurawar ita ce laifin ai! Ni na biya kuɗin wayar, bututun kuma ya baƙanta ya lanƙwashe, har yau ban yarda wani ya taɓa kayana ba. Mu asarar kuɗi muka yi. A watan Mayun 2018, a jihar Fulorida ta Amurka, meka ya fashe wa wani mutum mai shekara 38, gutsuren ƙarfe ya shige masa kai, ya rasu.

Ga yadda nake yi. Nakan ɗaga gindin tanki saitin haske in duba ta gefe, in ƙusar ba ta fito da kamar milimita 1 ba, ba ya hawa hibrid ɗina. Sai in danna ta da farce da ƙarfi. Ta motsa ko kaɗan, ya faɗi. A intanet za ka ga masu cewa tanki kaza na kamfani ƙusarsa ta fito, ba komai. Su suka sani. Ni a kan hibrid ba na ɗaura sai wanda ake naɗa wa waya da hannu, mai kafaffiyar ƙusa. Kuma tanki nake fara ɗaurawa kafin in sa batir, in kuma duba kan batir ɗin: idan ya lotsa, ƙusar da ta fito ma za ta nutse a ramin, murɗin ya taɓa.

Na biyu, batir. A nan ne raina ya fi ɓaci, domin rowa ce kawai. Mutum ya zuba jakkuna a bututu mai sheƙi, sannan ya je ya fasa tsohon batirin kwamfutar cinya ya ciro na ciki, ko ya zare na tocila. Girmansu ɗaya, gaskiya ne, duk 18650 ne, faɗi milimita 18, tsawo 65. Amma na kwamfuta an yi shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon sa'o'i, ba ya jure jan da meka ke yi. Sai kuma masu jar riga da aka rubuta wa 9900 mAh, wato yawan cajin da wai suke ɗauka, ana sayar da su da araha. Kallon kitse ake yi wa rogo. Na ƙwarai masu wannan girma ba su cika wuce 3500 ba, kuma galibi wanda ya fi ɗaukar caji mai yawa, ƙarfin jansa ya fi ƙanƙanta. Ka ɗora na jabun a tafin hannu ka ɗora na gaske a ɗayan, za ka ji na jabun sakayau.

Lambar da ta dame ka ita ce amfiya nawa batir ke iya bayarwa ba tsayawa. Samsung 25R amfiya 20 ne, 30Q kuwa 15, LG HG2 20, VTC5A na Sony kuma 25. Wanda aka sake wa riga aka buga masa 40 da manyan baƙaƙe, ban yarda da shi ba. Lissafin kuma bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Cikakken batir volt 4.2 ne, ka raba da om ɗin wayar tankinka, wato ma'aunin yadda take tare wuta. Om 0.3 zai ja amfiya 14. Om 0.2, 21, ka riga ka haye 25R. Om 0.15, 28, babu ko ɗaya cikin waɗanda na lissafa da zai ɗauka. Kuma waya biyu masu om 0.4 idan ka ɗaura su gefe da gefe a tanki ɗaya, 0.2 suka koma, ba 0.8 ba, nan da yawa ke faɗawa. Ni da batir mai 20 ba na sauka ƙasa da 0.3, abokaina na yi mini dariya wai hayaƙina na tsofaffi ne. Wanda ba shi da na'urar auna om, ya ɗaura tankin a kan mai allo ya karanta kafin ya kai shi kan meka. Wanda ba shi da ko ɗaya, bai isa riƙe meka ba tukuna.

Rigar batir ma ba ado ba ce. Duk jikin gwangwanin − ne, ɗan kan nan kawai ne +, ledar da zoben da ke ƙarƙashinta a sama su suka raba su. Ta yage ko da kamar tsinin allura, a ajiye shi sai an sa sabuwar riga. Salatif ba riga ba ce, kauri yake ƙarawa, ya kuma zame da zafi.

Sauran kuwa, kunya ma nake ji in faɗa. Batir tsirara a aljihu tare da makullin babur da tsabar kuɗi: a saya masa ƴar robarsa. Maɓalli yana da makulli, a murɗa shi kafin a sa a aljihu. Bututun da ba shi da ƴan ramukan fitar iska, kada a saya. Mai cin batir biyu a jere, ɗaya kan ɗaya, volt 8.4 yake bayarwa, wannan ba na sabon shiga ba ne, kuma batiran su zama tagwaye, tare aka saye su, tare ake cajinsu.

Zafin garinmu ma a sa shi a lissafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, ana barin meka a ƙarƙashin kujerar babur ko gaban gilashin mota, ina dalili? Caji ba a son yin sa sama da digiri 45, shi ya sa ni sai dare nake yi, a cajar waje mai yankewa a 4.2, a kan siminti, nesa da katifa, kuma ba na barci in bar shi. Da hunturu ƙura kan cika murɗi da maɓalli, sai ka ji gindin yana ɗumi ko yana ɗan cizon yatsa. A warware a goge da ƙyalle da ɗan alkol. Meka ba ya gaya maka batir ya ƙare, hayaƙi na raguwa ka canza, ni a wajen volt 3.6 nake cirewa. Wanda ya sauka ƙasa da 2.5 ya gama aiki.

Idan kana riƙe da shi ka ji zafi na hauhawa ko ka ji huci, kada ka tsaya warware tanki, kada ka leƙa. Jefa shi waje kan rairayi, ka janye yara, ka bar shi har ya huce da kansa. Mataccen batir kuma a naɗe kansa da gindinsa da salatif, a ware shi a gwangwani mai yashi. Kada a zuba shi a juji, domin jujin unguwa wuta ake cinna masa, yara kuma na tone-tone a gefe.