Yadda ake zaɓar aji, kayan ƙari da launi wajen sayen jif mai fo-wil

Za ka tarar da motoci biyu a jere a wurin dila, suna ɗaya, shekara ɗaya, kamar an tsaga kara, amma kuɗin ɗaya ya zarce na ɗayar nesa ba kusa ba. Bambancin yana cikin 'yan haruffan nan da aka manna a ƙofar baya. A Prado za ka ga TX, TXL ko VX. A Jeep Wrangler kuwa a gefen jiki za ka ga Sport, Sahara ko Rubicon. Waɗannan su ne ajin motar, kuma kowane aji yana zuwa da nasa kayan. Mutane da yawa suna ɗauka cewa aji tsani ne, wanda ya fi tsada shi ya fi komai. A jif mai fo-wil, wato mai ja da tayoyi huɗu, lissafin ba haka yake tafiya ba, shi ya sa nake so ka bi abin a jere: ka fara da abin da ba a iya sa wa mota bayan ta baro kamfani, sannan ka gangaro kan abin da kowane bakanike zai iya ɗaura maka ko yaushe.

Da farko, rubuta aikin da motar za ta yi

Kafin ka buɗe kowane kundin talla, ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyenka na shekarar da ta wuce. Nawa ne a kan kwalta, nawa a burji, sau nawa ka shiga laka ko rairayi, mutum nawa ka saba ɗauka, kuma ko kana jan tirela. Ka rubuta abin da ka yi da gaske, ka bar tafiyar da kake mafarkin yi wata rana. Wannan takardar ita ce za ta riƙe ka idan mai sayarwa ya fara zuba maka zance.

Na biyu, tsarin fo-wil ɗin, kuma a nan ya kamata ka daɗe

Tun ran gini tun ran zane. Giyabos, aksul da yadda ake raba ƙarfin inji zuwa tayoyi huɗu, duk a kamfani ake gama su, sauya su daga baya kuwa aiki ne mai cin kuɗi wanda da wuya ya zauna daidai.

Fara da tabbatar da cewa motar fo-wil ce ma tukuna. Akwai Toyota Fortuner da 4Runner da aka sayar masu ja da tayoyin baya kaɗai, jikinsu iri ɗaya da na masu fo-wil, tsayinsu iri ɗaya. Ka durƙusa da tocila ka leƙa ƙarƙashi: idan fo-wil ce za ka ga furofela biyu, ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba.

Daga nan sai ka san wane iri ne. Akwai wanda direba ne ke sa shi idan buƙata ta taso, irin na Suzuki Jimny da yawancin Wrangler. A kan kwalta motar tana tafiya da tayoyin baya, wato 2H, in an shiga ƙasa mai santsi sai a sa 4H. Sharaɗinsa ɗaya: ba a barinsa a 4H a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ɗaure suke, alhali a kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin tafiya. Ƙarfin da ya rasa mafita sai ya taru a giya da furofela, ka ji sitiyari yana taurin kai, tayoyi suna ƙara. Akwai kuma wanda kullum tayoyi huɗu ke aiki, irin na Land Cruiser 300 da Prado, domin akwai abin da ke daidaita gaba da baya a tsakiya. Ga mai yawan tafiya cikin ruwan sama a kan kwalta, ko hanyar da ke sauyawa daga kwalta zuwa burji kowane ɗan lokaci, wannan ya fi kwanciyar hankali. Mitsubishi ta haɗa biyun a tsarinta na Super Select da ta fara sa wa Pajero a 1991, inda za ka iya tafiya a 2H ko 4H a kan kwalta ba tare da fargaba ba.

Sai giyar ƙarfi, wadda ake rubuta wa 4L. Ita ce ke sa mota ta riƙa rarrafe a hankali da ƙarfin gaske, a hawan dutse, a gangara mai tsanani, ko wajen fizgo wata motar daga laka. A Wrangler na ƙaramin aji tana ninka ƙarfin sau 2.72, a Rubicon kuwa sau 4. Motoci da yawa masu siffar jif da aka rubuta wa AWD, wato masu raba ƙarfi zuwa tayoyi huɗu da kansu, ba su da ita sam. Ba laifi ba ne idan takardarka ta nuna kwalta da burji mai kyau ne kawai aikinka. Amma idan akwai rafi ko tudu mai duwatsu a hanyarka, kar ka sayi motar da babu 4L a jikin madanninta ko giyarta.

Abu na ƙarshe a nan shi ne makullin aksul. Wanda ya taɓa ganin jif ta maƙale, taya ɗaya a sama tana juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi ta tsaya cak, ya ga amfaninsa. Makullin yana tilasta tayoyin biyu su juya tare. A ganina, makullin aksul na baya shi ne kayan ƙarin da ya fi kowane cancantar kuɗinsa ga mai shiga daji, kuma sau da yawa ba a babban aji yake ba. Dubi 4Runner ta zubi na biyar: Limited ta fi TRD Off-Road tsada, tana da kujerun fata da rim mai inci 20, amma TRD Off-Road ce ke da makullin baya. Haka a Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, ZX ce ta ado da jin daɗi, GR Sport ce ke zuwa da makulli gaba da baya. Manyan aji biyu ke nan da suka rabu hanya, kowanne da mutumin da aka yi dominsa.

Na uku, inji

Ba sai an tsawaita ba. Dizal ya fi ja daga ƙasa kuma ya fi tattalin mai a doguwar tafiya da kaya. Sai dai injinan dizal na zamani suna da matatar hayaƙi a salansa wadda take buƙatar doguwar tafiya lokaci lokaci don ta ƙone tokar da ta tara, kuma ba sa jure gurɓataccen mai. Idan zirga-zirgarka gajera ce cikin cunkoso, fetur ya fi maka sauƙi.

Na huɗu, tayoyi da nauyi

Babban rim kyan ɗan maciji ne. Ga lissafin: taya mai lamba 265/65 R17 tsayin gefenta kusan milimita 172 ne, mai lamba 265/50 R20 kuwa kusan 132. Tsayin tayoyin biyu gaba ɗaya kusan ɗaya ne, abin da ya faru kawai shi ne an cire roba santimita 4 an maye gurbinta da ƙarfe. Wannan robar ita ce ke shanye dukan rami kafin ya iso bayanka, ita ce ke kare rim daga dutse, kuma ita ce ke bajewa idan ka rage iska don ka haye rairayi. Na taɓa tsayawa a kan wata sabuwar jif da ta faɗa rami guda ɗaya a burji, gefen tayar ya tsage kamar an sa wuƙa, bakin rim ɗin ya lotse. Mai ita bai yi gudu ba, robar ce ba ta isa ba. Ga mai barin kwalta, inci 17 ko 18 ya wadatar, kuma tayoyin daji sun fi samuwa a wannan girman. Idan ajin da kake so da inci 20 yake zuwa, tambayi dila ko ƙaramin rim zai shiga, domin wani lokaci girman birkin gaba yana hanawa.

Ka duba safeya taya ma. Cikakkiya ce ko 'yar siririyar nan ta wucin gadi? A ina take? Wurin zamanta yana da tasirin da ba kowa ke lura ba. A Prado 150 da aka sayar a Ostiraliya, mai safeya a ƙofar baya tana da tanki biyu masu ɗaukar lita 150, wadda aka mayar wa safeya ƙarƙashi don bayanta ya yi sumul kuwa lita 87 ce kawai, saboda tayar ta cinye wurin ƙaramin tankin.

Sannan nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yarda ta kai, yana rubuce a jikin takardar da ke manne a dogaran ƙofar direba. Rufi mai buɗuwa, kujerun lantarki, layi na uku na kujeru, firij, duk nauyi ne da ake cirewa daga abin da za ka iya lodawa. A ce abin da ya rage maka kilo 600 ne. Manya biyar sun cinye kusan 375, ka ƙara bambar ƙarfe, kariyar ɗora kaya a rufi da jarkokin ruwa, sai ka ga ka ƙure tun ba a sa jaka ko ɗaya ba. Ƙaramin aji sau da yawa ya fi babba ɗaukar kaya.

Na biyar, kayan tsaro, sannan na jin daɗi

A kan tsaro ba na ba da shawarar tsumulmula. Jif doguwa ce, nauyinta yana sama, ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka karya sitiyari da gudu. Don haka na'urar da ke hana mota zamewa, wadda ake rubuta wa ESC ko VSC, dole ce. Haka jakunkunan iska na gefe da ke saukowa kamar labule har layin baya, da birkin da ke kama kansa idan ya hango karo, da maƙalan ɗaure kujerar yara da ake kira ISOFIX idan akwai ƙananan yara. A wasu kasuwanni ana cire wasu daga cikin waɗannan a ƙaramin aji, kuma sunan aji ɗaya yana iya zuwa da kaya daban daga ƙasa zuwa ƙasa. VX ta wata kasuwa ba lallai ta zama VX ta wata ba. Idan hawa aji ɗaya zai kawo maka su, hau.

Kayan jin daɗi kuwa ka auna kowanne da tambaya biyu: sau nawa zan taɓa shi a mako, kuma idan ya lalace bayan garanti ya ƙare, me zai ci? Esi mai hurawa har kujerun baya da kyamarar baya kullum za ka gode musu. Kyamarar da ke nuna kewayen mota tana da amfani na gaske a mota mai dogon hanci. Shokazoba mai iska da ke ɗaga mota ta sauke ta akwai daɗi, sai dai ranar da balon ko famfonsa ya gaji motar za ta durƙusa, gyaran kuma ba na kowane gareji ba ne. Rufi mai buɗuwa yana rage sararin kai, kuma yana da 'yan bututun zubar da ruwa da ƙura kan toshe. Matakalar gefe tana taimaka wa tsofaffi da yara wajen hawa, amma ita ce farkon abin da dutse ke kamawa. Rediyo mai babban allo, tabarmar ƙasa, fitilun ƙari, kariyar ɗora kaya, duk waɗannan ana sa su daga baya, kar su ja ka zuwa ajin da ba ka buƙata.

Na shida, launi

Fari ya daɗe yana kan gaba a launukan motoci a duniya, kuma da dalili: ba ya ɗaukar zafi kamar baƙi, yana ɓoye ƙananan karce, yana da saurin shiga idan an tashi sayarwa. Ruwan azurfa da ruwan ƙasa mai haske sun fi kowane ɓoye ƙura. Baƙi da shuɗi mai duhu idan an wanke su babu kamarsu, amma kowane reshe da ya goge su sai ya bar shaida, har tsumman wanki yana barin zane.

Farin ma ba ɗaya ba ne. A Toyota lamba 040 fari ne zalla, 070 kuwa fari ne mai ƙyallin lu'ulu'u da ake fesawa hawa uku. Na biyun ya fi ɗaukar ido, amma idan aka buge ƙofa, mai fenti zai sha wuya kafin ya haɗa shi ya saje da sauran jikin. Fenti marar sheƙi ya fi wannan ma wahala, don ba a goge shi da man sheƙi, karce ɗaya na iya sa a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Cikin motar kuma, kujeru masu haske sun fi sanyi a rana amma suna kama datti, fata baƙa tana ƙona cinya idan mota ta wuni a fili.

Gani ya kori ji. Kar ka zaɓi launi a allon waya ko ƙarƙashin fitilun ɗakin baje koli. Sa a fito da motar rana, ka zagaya ta, in da hali ka nemi irinta da ta kwana biyu ba a wanke ba.

Na bakwai, a rubuta, a duba

Ba a cinikin biri a sama. Duk abin da kuka amince a kai ya shiga takardar ciniki: sunan aji, inji, girman rim, lambar fenti, launin ciki, da kowane kayan ƙari da sunansa. "Ful ofshin" ba suna ba ne, kowa da abin da yake nufi da shi. Idan ta hannu ce, kar ka yarda da haruffan ƙofar baya, manna su ake yi. Ɗauki lambar shasi, wadda a yawancin motoci take da alamomi 17, a bincika abin da aka ƙera motar da shi daga kamfani.

Ranar karɓa, kafin ka sa hannu, nemi wuri mai ƙasa. Tsayar da motar, sa giya a N, juya zuwa 4L ka ga fitilarsa ta tsaya ba ta ƙiftawa. Danna makullin aksul ka ɗan matsa gaba a hankali har ya kama, sannan ka sake shi. Sauke safeya tayar ka tabbata girmanta ɗaya da sauran huɗun, kuma jak da sifanar da aka ba ka sun dace da notinan rim ɗin.