Sabunta ƙididdiga ko sake gina fihirisa: yadda za ka gane wanda rumbun bayananka yake buƙata

Idan tambayar da ta saba dawo da amsa cikin daƙiƙa ɗaya ta fara cin mintuna a SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, abin da masu kula da rumbun bayanai da dama suke fara yi shi ne sake gina fihirisa (index, wato jerin da ke saukaka gano layuka a tebur), kuma sau da yawa saurin yakan dawo. Sai dai ba kullum ne ginin yake warkar da cutar ba. Sake gina fihirisa yana sabunta ƙididdigarta a lokaci guda, kuma wannan sabuntawar, wadda za a iya yin ta ita kaɗai cikin sauƙi, ita ce sau da yawa take gyara lamarin, yabon kuma ya tafi ga aikin da ya fi tsada.

Ƙididdiga taƙaitaccen bayani ne game da yadda ƙimomi suka rarrabu a ginshiƙin tebur, wanda ake ajiyewa a jadawali mai matakai da ba su wuce 200 ba, komai girman teburin. Da ita injin tsara tambayoyi yake kintata yawan layukan da za su fito, sannan ya yanke ko zai bi fihirisa ne ko zai karance teburin duka. Fihirisa kuwa gini ne na zahiri da ke zaune a shafuka masu girman kilobait 8, kuma idan ana yawan cusa layuka a tsakiyarta, shafukan sukan tsage biyu, su warwatse, wasu su zauna rabi babu komai.

Saboda haka ka fara da duba tsarin da aka bi wajen gudanar da tambayar, ka kwatanta layukan da injin ya kintata da waɗanda suka fito a zahiri. Idan ya yi tsammanin layi 10 sai aka samu 400,000, to ƙididdiga ce abin zargi na farko. Ka tambayi sys.dm_db_stats_properties, wani aikin bincike na cikin SQL Server, zai nuna maka ranar sabuntawa ta ƙarshe, yawan layukan da aka ɗauki samfuri daga cikinsu, da adadin sauye-sauyen da aka yi tun daga lokacin. In ta tsufa, ka gudanar da UPDATE STATISTICS a kan teburin, ka ƙara WITH FULLSCAN, wato a karanta kowane layi, idan bayanan sun karkata gefe guda ta yadda samfuri ba zai wakilce su ba.

Kada ka jingina gaba ɗaya da sabuntawar da injin yake yi da kansa. A tsohuwar ƙa'ida sai an sauya kashi 20 cikin ɗari na layuka da ƙarin 500 kafin ya motsa, wato tebur mai layi miliyan 10 zai jira sauyi sama da miliyan 2. Daga SQL Server 2016, a matakin dacewa (compatibility level, saitin da ke nuna halin wane fitowar SQL Server rumbun zai bi) na 130 zuwa sama, an rage wannan ma'auni ga manyan tebura, har teburin nan ya koma buƙatar sauyi 100,000 kawai. Duk da haka teburin da ake ƙara wa layuka bisa kwanan wata, kamar na cinikin yau da kullum, yakan wahalar, domin ranakun baya-bayan nan, waɗanda su ne aka fi tambaya, ba su shiga jadawalin ƙididdiga ba tukuna.

Sai bayan wannan ne ya dace ka waiwayi fihirisa. Ka duba sys.dm_db_index_physical_stats domin ganin yawan warwatsewa da kuma cikar shafuka. Tsohuwar shawarar da ta yaɗu ita ce a yi REORGANIZE (sake jera shafukan a inda suke) idan warwatsewa tana tsakanin kashi 5 zuwa 30, a yi REBUILD (sake gina fihirisar gaba ɗaya) idan ta haura 30, a kuma ƙyale ƙananan fihirisa masu shafi ƙasa da 1,000. A ganina, a kan faifan SSD cikar shafuka ta fi rashin jeruwarsu muhimmanci, tunda shafi mai rabin kaya yana cin gurbin cikakken shafi a ƙwaƙwalwa. Ka tuna cewa REBUILD yana buƙatar ƙarin fili a faifai, yana kumbura kundin ma'amaloli, kuma idan ba da ONLINE (zaɓin da ke barin a ci gaba da amfani da teburin) aka yi shi ba, yana kulle teburin har ya gama.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne jeranta ayyukan dare. REORGANIZE ba ya taɓa ƙididdiga ko kaɗan. REBUILD kuwa, a fihirisar da ba a rarraba ta kashi-kashi ba, yana sabunta tata ƙididdigar ta hanyar karanta kowane layi, amma yana barin ƙididdigar da injin ya ƙirƙira wa ginshiƙai da kansa, wadda sunanta yake farawa da _WA_Sys, yadda ya same ta. Wanda ya bi bayan REBUILD da UPDATE STATISTICS na gama-gari ya maye gurbin cikakkiyar ƙididdiga da ta samfuri da hannunsa. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne UPDATE STATISTICS tare da WITH COLUMNS, domin a sabunta ta ginshiƙai kawai. A PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai daban, ayyukan biyu a rabe suke sarai, domin REINDEX, umarnin sake gina fihirisa, ba ya tattara ƙididdigar ginshiƙai, sai ka kira ANALYZE daban.