Yadda Za Ka Haɗa Ɗan Gajeren Bidiyo da Wayarka a Sakkwato

Da fari, zaɓi lokaci. Ranar Sakkwato ba ta wasa, musamman a watan Afrilu. Hasken tsakar rana yana ƙone fuska a hoto, wayar kuma ta ɗau zafi. Fita da hantsi ko bayan La'asar. Lokacin hunturu kuwa, goge idon kyamara da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka, don ƙura takan dusashe hoto.

Riƙe wayar a kwance in YouTube za ka sa, a tsaye in TikTok ne. Kowane yankin bidiyo da za ka ɗauka kar ya wuce daƙiƙa 10. Nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi, ballantana mata a kasuwa.

Sai tacewa. Buɗe manhajar tace bidiyo ta CapCut ko KineMaster, shigar da yankunan, ka jera su yadda labarin yake. Datse farko da ƙarshen kowanne, nan ne hannu ke rawa. Kar ka cika kwalliyar juye-juye tsakanin yanki da yanki. A ganina yankan kai tsaye ya fi kyau.

Sauti shi ne rabin aikin. In iska ta ɓata muryar, sake naɗa ta a ɗaki, ka ɗora.

Fitar da bidiyon a ma'aunin ingancin hoto na 1080p, ka kalle shi a wata waya kafin ka tura.